Tambayar Goggo a Karatun Alhamis

Ƙarfe biyar da kwata na yammacin wata Alhamis abin ya fara dagulewa, kuma ko na manta komai na shekarun karatuna, wannan yammacin ba zai fita daga raina ba.

Masallacin ƙauyenmu, can gefen Ɗanbatta, yana da wata al'ada da ban taɓa gani a wani wuri ba. Mai kabalu da mai sadalu sahu ɗaya suke tsayawa, kuma limaminmu ba shi yake zaɓar abin da zai yi wa'azi a kai ba. Jama'a ke zaɓa, wannan mako maza, mai zuwa mata. Idan an tashi daga karatun Alhamis, sai ladan ya sanar da darasin mako na gaba a lasifika, ba ya faɗin wanda ya kawo. Da na dawo hutu daga kwaleji, matan suka ɗora mini rubuta nasu, don sun san bakina ba ya yawo. Yawanci maganar zakkar gero ce, ko haƙƙin maƙwabci in akuyarka ta yi masa ɓarna.

A makon nan ana ta sussuka, ba wadda ta kawo komai sai Goggo, ƙanwar Baba. Ɗanta tilo ya rasu da kaka, mota ta kife da shi da buhunan gyaɗarsa a hanyar kasuwa. Tun ranar ba ta sake zuwa karatu ba.

"Uwata," haka take kirana don sunan mahaifiyarsu gare ni, "rubuta ki ce Malam ya yi magana a kan mutumin da yake salla, amma in an ɗaga hannu ana addu'a bakinsa ya ƙi cewa amin."

Na daɗe riƙe da biro. Ni dai ba na iya sauya wa mutum maganarsa, don haka na rubuta yadda ta faɗa.

Da ladan ya karanta, sai daga bayan zanar da ta raba mu da maza na ji muryar wani Alhaji mai fataucin hatsi.

"Allah gafarta Malam, wannan ai saɓo ne. Wa ya kawo shi?"

Ba a buƙaci amsa ba. Gida ɗaya aka yi rashi a kakar nan, kuma matan har sun juya suna kallon gurbin da Goggo ta saba shimfiɗa tabarmarta. Liman dai cewa ya yi, "An karɓa. Sai Alhamis in Allah ya kai mu."

Kafin kwana biyu magana ta zaga rijiya da injin niƙa, wai Goggo na jayayya da Ubangiji. Wasu suka ce kada ta ƙara zama cikinsu sai ta tuba. Baba ya tsare ni a zaure, ya ce, "Ke duk karatun naki ba ki san abin da ake bari a ɗaki ba?" Abin da ya hana ni sukuni shi ne, Goggo ba ta da miji, yanzu ba ta da ɗa, in matan nan suka juya mata baya ba ta da kowa a garin sai mu.

Ranar Alhamis Goggo ta zo a makare, tabarma a hammata. Ba wadda ta gusa mata, sai na matsa ta zauna kusa da ni. Liman bai yi faɗa ba. Ya kawo ƙissar annabin nan da ya yi kukan ɗansa har ganinsa ya tafi, ya ce ba a taɓa ƙirga wannan kuka cikin zunubi ba. Da ya zo rufewa sai ya ce, "Zan yi addu'a. Wanda bakinsa ya yi nauyi ya yi shirunsa, na kusa da shi ya faɗa masa. Dalilin jam'i ke nan."

Goggo ta ɗaga hannu, leɓenta bai motsa ba. Ni kuwa don kunya ban faɗa mata amin ɗin ba. Wata tsohuwa a bayanmu, wadda da kunnena na ji tana cewa a kori Goggo, ita ce ta riƙa cewa amin sau biyu bayan kowace addu'a. Alhajin bai gamsu ba, har na koma makaranta yana mita.

Yanzu da na girma na gane cewa wurin ibada da ba ya iya ɗaukar tambaya mai nauyi ba zai iya ɗaukar mai baƙin ciki ba. A lokacin kuwa amsa kawai nake nema, irin ta jarrabawa. Muna tafiya gida ta cikin tarin karan dawa na yi ta maza na tambayi Goggo ko abin da Malam ya faɗa ya warware mata.

Sai ta ce:

"Bai warware ba, Uwata. Har yanzu bakin nan da nauyi. Ni dama so nake in ga ko akwai wurin zama ga mai zuciya irin tawa, kuma na ga akwai."