Malam Isufu Ba Shi da Takarda

Ɗazu muna gab da shingen bincike a hanyar Gashua zuwa Nguru, sai na ji Malam Isufu ya damƙe gwiwata.

Mutumin Nijar ne. Shekara goma sha biyu yana mana aikin shinkafa a fadamar Katuzu, a nan ya yi aure ya haifi 'ya'ya huɗu. Matarsa Falmata muka taho dubawa, tana kwance a asibiti.

Ya matso kusa da kunnena ya ce, "Alhaji, in suka sauke ni, kada ka gaya mata. Ka ce aiki ne ya riƙe ni."

Na ce, "Haba Malam, wa zai sauke ka? Ai kowa ya san ka."

Ya ce, "A gona aka san ni. Nan takarda ake tambaya, ni kuwa ba ni da ita."

Jami'in ya leƙo motar, ya bi fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ɗaga wa direba hannu. Muka wuce, muka shiga Nguru. Gobe kuma ta nan za mu koma.

'Yan siyasarmu, masu mulki da 'yan adawa, duk shinkafar irin su Isufu suke ci. Me zai hana su haɗa kai su yi doka, a ba bayin Allahn nan takardar zama su yi aikinsu ba fargaba?

Ku da kuke da irinsu a gonakinku, yaya kuke yi?