Yelwa da Cokalinta na Huɗu

Bara da kaka na sayi tabarau a banza, kuma ƙosai ne ya ja mini. Kwana uku a jere ina karyawa a tashar Gazawa, ina ganin ƙosan ya ƙanƙance a hannuna, sai na ce shi ke nan, shekara hamsin ta fara taɓa ido. Ni tela ne, in ido ya tafi zare ba ya shiga allura, tuwo kuma ba ya shiga gida. Na hau mota har Cadawa, na zaɓo tabarau mai kauri wurin wani ɗan koli, na dawo na zauna kan benci na ce a zuba mini na dala ashirin. Na duba da tabarau, na cire na sake dubawa. Ƙosai dai yana nan kamar ƙwan kurciya.

Mai ƙosan ta bar ni na gama gwaje-gwajena, sannan ta ce, "Taubashi, idonka lafiya lau. Cokali na canza."

Ita ce Yelwa, ɗiyar gwaggona, don haka tun muna yara ba'a halal ce tsakaninmu. A Gidan Rumji aka haife ta, aure ya kawo ta Gazawa, gidan Sanda direba. Da ciwon baya ya hana Sanda tuƙi, sai ta kafa murhu a bakin tasha. Yau shekara ashirin da biyu ke nan tana nan, ƙarƙashin dogon yaro, da kasko ɗaya da benci ɗaya. Da wannan kaskon ta rufe ɗaki biyu da kwano, ta kai ɗiyarta Nazira lakol har ta zama ungozoma. Ita kanta ba ta taɓa taka ƙofar aji ba.

Tsarin sana'arta shi ne ba ta ƙara kuɗi. Ƙosai ɗaya dala biyar ne tun ranar da ta fara. Ta ce mutumin tasha zai yafe maka komai ban da ka ce masa an ƙara. Abin da take sauyawa cokalin da take yanko ƙullu da shi ne. Tana da uku. Babba na kaka ne, lokacin da wake ke araha. Matsakaici na rani. Ƙarami sai bazara, in rumbuna sun yi ƙasa. Wanda ya san Yelwa ba ya buƙatar zuwa kasuwa tambayar farashi, ya leƙa kaskonta kawai.

To a waccan shekarar, ana cikin roron wake ta fito da cokalin rani. Har ta gaya mini ta ba maƙeri aikin na huɗu, wanda bai kai na bazara ba.

Ni kuwa rediyo ba ta mutuwa a shagona. A makon nan na ji wani masani yana bayani da manyan kalmomi cewa hauhawar farashi za ta sauka, rashin aikin yi kuma zai ragu. Na haddace maganar tsaf, na zo na juye mata gaban direbobi.

"Wanga masani naka, a wace tasha yake zama?" in ji ta.

Na ce ba a tasha yake ba, a buro yake, wato ofis, da takardu da ƙididdiga.

Ta ce ita ma tana da tata. Direbobin kudu sun fara tambayarta kuɗin wake kafin su tambayi lafiyar gida. Mata sun daina kawo mata wake a kwano, sai a bakin ɗankwali. Samari kuma sun cika mata benci har rana ta take, mutum huɗu su sayi ƙosai biyu su raba, kowa da babur ɗinsa na kabu-kabu a jingine babu fasinja. "In masu ɗauka suka fi waɗanda ake ɗauka yawa, taubashi, ai ba sai an buɗe rediyo ba. Kafin ruwan shuka, tiyar wake sai ta kai jika."

Jika guda, dala ɗari biyu ke nan. A ranar tiya ba ta wuce dala ɗari da ashirin ba, wato sai ta hau da dala tamanin kafin ta kai. Na yi dariya har tabarau ya zamo mini. Na ce mu sa wani abu.

Kuɗi ba su shiga ciki ba, kada liman ya ji ya kira abin da sunansa. Muka yi sharaɗi irin na taubasai. In ruwan shuka ya sauka tiya ba ta kai jika ba, Yelwa za ta fito da babban cokali ta soya mini ƙosai wata guda kyauta, tana kirana Malam Masani gaban kowa. In ta kai, ni zan ɗauki bokitin wakenta da aka jiƙa, a kaina, ranar kasuwa, in ratsa tsakiyar tasha in kai injin niƙa in dawo da ƙullu. Ni, Hamidu tela, da furfurata da babbar rigata. Jibo mai awo, wanda tiyarsa ce ma'aunin garin, shi ne shaida.

Daga ranar na zama ɗan gidan Jibo. Kullum sai na bi ta rumfarsa in gaishe shi, gaisuwar da ban taɓa yi masa ba a shekara goma. Farashi ya riƙa hawa a hankali kamar tsoho a kan tsani, ya hau ya huta, ya sake hawa.

Tsakiyar rani na samu abin murna. Na zo karyawa na tarar da bencin Yelwa wayam, samarin nan babu ko ɗaya. Na ce, "To ga rabin maganar masani ta tabbata. Duk sun sami aiki."

Ba ta ko ɗago kai ba. "Sun sami mota dai. Wasu sun yi kudu, wasu sun yi arewa wajen haƙar zinariya. Je ka tambayi iyayensu mata in aiki ne ya kira su ko zama ne ya kore su."

Na ci ƙosaina na koma shago.

Da bazara ta kama, tiya ta kai dala ɗari da casa'in. Saura dala goma tsakanina da bokiti. A lokacin hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Duk garin na roƙon ruwa saboda gona, amma ban ga wanda ya kai ni naci ba, har matata ta tambaye ni yaushe na sayi gona ban gaya mata ba. Ban ɓoye muku, na je wurin Jibo na nuna masa wani yadi mai kyau, na ce ya dace da jikinsa, in dai tiyarsa za ta yi haƙuri mako guda. Ya shafa yadin, ya yaba, ya tashi ya tafi ya gaya wa Yelwa.

Ranar kasuwa babbar mota ta shigo daga kudu fal da buhuna babu komai a ciki, ta zo lodin wake. Kafin azahar Jibo ya aiko a ce mini tiya ta kai jika, har ta ɗan wuce. Ruwan shuka ya sauka bayan kwana biyu, mai yawa, mai albarka, wanda bai yi mini amfanin komai ba.

Kasuwar da ta zagayo na hallara da sassafe. Na roƙi a bar ni in bi ta bayan masallaci, aka ce sharaɗi tsakiyar tasha ya ce. Yelwa da kanta ta naɗe mini gammo da tsohon zane. Na ɗauka. Direbobi suka jeru suna danna mini oda kamar ana rakiyar amarya, ruwan wake na bin wuyana yana shiga riga. A injin niƙa na bi layi bayan mata bakwai, kowacce sai da ta tambayi lafiyar maigidana.

Da na dawo da ƙullu, ta kwance wani ƙyalle ta fito da cokali na huɗu, sabo fil, bai fi na shan magani ba. Ta soya, ta zuba mini guda huɗu a takarda, ta ce ladan ɗauka ne.

Bakina ba ya iya zama. Na ce, "Kin ci wannan. Amma jiya masanin ya ce baɗi komai zai sauka. Ko mu sake sawa?"

Ta miƙo mini gammon. "Riƙe wannan, kada ka yar, naka ne na baɗi. Kuma sa tabaranka kafin ka ci, taubashi, kada ƙosan ya ɓace maka a hannu ka ce rediyo ba ta faɗa ba."