Wuƙar da Na Zaɓar wa Isiyaku

Har yau ban iya mantawa da ranar da na kai Isiyaku wurin maƙeri ba. Tunda kun ce in ba ku labarin aikin daji, wannan zan ba ku, ko da yake babu daɗi a cikinsa.

A shekarun farin nan ne na farkon saba'inoni. Ina babban malamin daji a Birnin Kudu, da masu gadi shida a ƙarƙashina. Ga wanda bai sani ba, mai gadi shi ne yake zaga gandun daji a kan keke, yana hana saran itace da kiwo in babu takardar izini. Kayan aikinsa kaki ne da usur da sanda, shi ke nan. In ya kama mai laifi sai ya kai shi gaban dagaci, ya rubuto mini rahoto, ni kuma in miƙa wa shugabanmu.

Isiyaku shi ke tsaron wani gandu a wajen Gwaram. Magidanci ne mai 'ya'ya uku, mai sanyin hali. A shekarar ciyawa ta ƙare ƙaf, makiyaya suna hawa gawo suna sassaro wa shanunsu rassa, doka kuwa ta hana. Sau biyu ana zare masa adda, sau biyun yana hawa kekensa ya gudu. Wata Litinin ya same ni a ofis.

"Malam, tsoro nake ji," in ji shi. "A haɗa ni da wani, ko a sauya mini wuri."

Na kai maganar gaban shugabanmu. Ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "Ina ka ga ma'aikatan? Tun da kuɗin fetur ya shigo kowa ya tafi Kano aikin gini. Ya yi haƙuri."

Na kasa fita in gaya wa Isiyaku cewa na dawo hannu wofi. Sai na ce ya zo mu je kasuwa.

Maƙerin tsoho ne, Baba Mudi ake kiransa. Ya shimfiɗa mana wuƙaƙe a kan buzu. Isiyaku ya ɗauki wata ƙarama ta yankan igiya, na ce wannan ba za ta ba kowa tsoro ba. Ya ɗauki doguwa irin ta mahauta, na ce za ta dame shi a kan keke, kuma ofis zai gani. Ni da hannuna na zaro masa wuƙar damtse, mai baki biyu, wadda ake ɗaure kubenta a ƙarƙashin hannun riga.

Baba Mudi ya daɗe yana kallon Isiyaku. "Ɗana, ka taɓa yanka ko kaza?"

"Maƙwabcina ke yanka mini."

Tsohon ya juyo gare ni. "Malam, wannan mutumin ƙafarsa ce ke tsaronsa. In ka ɗaura masa wannan, ya daina gudu."

Na yi dariya na ce abin da muke so ke nan.

Kwana goma sha tara aka yi. Da hantsi wani direban lori ya shigo ofis ya ce in je asibiti. A gandun, Isiyaku ya tarar da wani makiyayi mai suna Bello yana saukowa daga kan gawo da gatari a hannu. Isiyaku ya ce ya miƙo gatarin, Bello ya ƙi, ya ce shanunsa takwas suka rage cikin arba'in. Suka kama kokawa a kan ƙotar. Isiyaku ya gaya mini daga baya cewa bai san lokacin da hannunsa ya shiga cikin riga ba, sai dai ya ga Bello a ƙasa cikin jini. Shi ya goyo Bello har bakin titi, yana ihu motoci su tsaya. Kafin azahar Allah ya yi wa Bello rasuwa. Na ga mahaifiyarsa zaune a ƙasa a ƙofar ɗakin, ba ta kuka, tana ta tambayar kowa wa zai kora shanun gida.

Kafin a shiga kotu, shugabanmu ya kira ni. "Wuƙa ba ta cikin kayan aikinmu. Ka san inda ya same ta?"

Na tuna da nawa iyalin. Na ce, "Ban sani ba, ranka ya daɗe."

Haka na rubuta, haka na maimaita a gaban alƙali. Isiyaku yana tsaye yana kallona, bai tona ni ba. Aka kore shi daga aiki, aka ɗaure shi shekara bakwai. Matarsa ta kwashe yaran ta koma garinsu. A shekara ta huɗu ciwon tari ya kashe shi a gidan yari. Ban je na duba shi ba ko sau ɗaya, kunya ta hana ni.

Abin da na koya shi ne, in na ƙasa da ku ya ce yana jin tsoro, abokin tafiya yake nema, kada ku ba shi makami don ku huta da maganarsa. Na kuma gane cewa a aikin nan talaka ake turawa ya tsare wa talaka hanya, ranar da jini ya zuba kuwa kowa sai ya janye hannunsa, har da ni. Zan so in ce muku wani abu ya sauya bayan haka. Wata ɗaya da yanke hukuncin, aka tura sabon mai gadi wannan gandun, shi kaɗai. Ni na sa hannu a takardar.