Ranar da Na Zama Direban Motata a Kurfi

Akwai wata Lahadi a garin Kurfi wadda ko tsufa ya kwashe mini sauran tunani, ita kam ba za ta fita daga raina ba. Ranar ce aka yi ta yi mini jajen rabuwa da motata, alhali tawa ce, ban sayar wa kowa ba.

Ni ɗan kasuwar hatsi ne a Dutsin-Ma, sana'ar da na gada wurin mahaifina. An yi wasu shekaru da Allah ya buɗa mini, duk abin da na taɓa sai ya yi albarka. A cikin wannan buɗin ne na je Abuja na sayo wata jar mota irin ta tsere, mai ƙofa biyu da kujera biyu, cikinta kamar zai shafi ƙasa. Idan na tayar da ita da safe, kajin maƙwabta sai sun watse. Mutane sun yi ta surutu, wai me mai auna masara zai yi da motar da ko buhu ɗaya ba ta ɗauka. Ko a jikina. Ban ci kuɗin kowa ba, zakkata na fitar, kuma tun ina ƙarami nake tsayawa bakin titi ina bin irinta da kallo har ta ɓace. Har yau ba na jin na yi laifi da na saye ta.

Sai abubuwa suka juya. Wata kaka na sayi masara da tsada na cika sito, ina jiran ta ƙara tashi, sai ta faɗi warwas. Ana cikin haka fetur ya yi tashin da ya sa masu mota da yawa suka koma babur. Na sayar da a-kori-kurar da nake ɗaukar kaya da ita, na saki siton da nake haya, na rage yaran shago. Amma jar motar nan na ce ba inda za ta je. Ita kuwa ba ta san ana wahala ba. Ba kowane baƙin mai take sha ba, tayarta ko a Katsina ba a samu, sai an aika Kano.

Maiɗakina mace ce mai haƙuri, amma bakinta ba ya barin bashi. Wata rana ta same ni a tsakar gida ina goge motar da tsumma mai laushi, ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Alhaji, mu mun koma miya ba nama, ita kau baiwar Allah ko man da za ta sha sai an aiko daga Kano. To mu dai a sa mu a layi, bayan an gama da ita."

Na yi dariya, amma maganar ta shige ni. Ranar muka yi yarjejeniya: motar za ta zauna muddin tana ciyar da kanta. Duk ranar da ta kai sai na taɓa kuɗin abinci ko na makarantar yara saboda ita, zan sayar. Na yi mata alkawari, ita kuma ta san ba na yin alkawari don a kashe magana.

Na kuwa samo mata sana'a, wadda ba ta bukatar ko ɗigon fetur. Ɗaliban jami'a masu gama karatu suna son hoto, haka ma masu shirin aure. Sai na haɗa kai da masu ɗaukar hoto. Da hantsi in turo ta ƙarƙashin bishiyar bedi, wato dogon yaro, da ke ƙofar gida, in wanke ta tas, su zo su jingina da ita suna murmushi kamar gadonta suka ci. Wani ma sai ya roƙi in bar shi ya zauna ya riƙe sitiyari. Da wannan na riƙe ta tsawon lokaci, ina kuma jin daɗin dabarata, don duk masu cewa ba za ta kai wata a hannuna ba sun gaji sun yi shiru.

Matsalar ta zo ne daga giya. Ta fara wani ƙugi idan za ta canza, makanike ya saurara ya girgiza kai. Ya ce akwai abin da ya ci a ciki, idan ba a sauya ba nan kusa, za ta kwanta kwanciyar da tayar da ita sai mai hali. Kuɗin da ya faɗa, ko duk ɗaliban garin sun yi layin hoto ba za su haɗa shi ba.

A wannan tsakanin ne wani saurayi ya yi mini sallama. Na san shi sama-sama, yana da shagon sayar da waya kusa da tasha, yaro mai tsafta da iya magana. Ya ce akwai yarinyar da yake nema a Kurfi, mahaifinta ya ce ya zo ya gan shi kafin a turo manya. Yana son hayar motar ya je da ita. Ya ce idan mun dawo zai biya kuɗin gyaran giyar gaba ɗaya, kuma duk hidimar bikin da ita za a yi. Na ji kamar an sauke mini dutse daga ka. Sai dai na gaya masa sharaɗina, ba mai tuƙa ta sai ni.

"Ai hakan ma ya fi, Alhaji," in ji shi, yana wani murmushi da ban fahimta ba a lokacin.

Ranar Lahadi bayan azahar muka kama hanya, ina lallaɓa giyar kamar mai jinya. Lungun gidan akwai kwata, motar ba za ta iya tsallakawa ba, don haka na ajiye ta a bakin wani masallaci da ke kallon gidan. Da muka fito ya ce in ba shi makullin ya riƙe. Na ɗauka yarinta ce kawai, na miƙa masa. Ya shiga zaure yana kaɗa shi a yatsa, ni kuma na samu benci na zauna.

A Kurfi ba baƙo ba ne ni, na sha cin kasuwarsu. Amma gaisuwar da aka riƙa yi mini ranar daban take. Kowa sai ya sassauta murya. Wannan ya ce, "Sannu da haƙuri, Alhaji." Wancan ya ce, "Allah ya mayar da alheri." Na ɗauka maganar masara ce, ina ta amsawa da amin.

Bayan sallar la'asar mutane suka watse, sai wani dattijo ya riƙe hannuna ya ce in dakata. Ashe shi ne mahaifin yarinyar. Tsohon falken shanu ne, kuma ya san mahaifina tun suna haɗuwa a kasuwanni. Muka zauna a tabarmar da ke inuwar masallacin, ya yi wa mahaifina addu'a, sannan ya dube ni da tausayi.

"Ɗana, na ji abin da ya same ka. Kasuwa haka take, mu ma mun gani. Yaron nan ya hwaɗa mani ya sayi motarka, ya kuma riƙe ka kana tuƙa shi don kada ka zauna haka nan. Wallahi abin da ya sa ya kwanta mani a rai ke nan. Ni mota ba ta dame ni ba, ina zan kai ta? Tausayin nan nashi na duba."

Kaina ya ɗauki zafi. Ni, da gemuna da 'ya'yana, yaron da na girme wa nesa ba kusa ba ya mayar da ni abin sadakarsa a garin mutane! Na ji haushi irin wanda na daɗe ban ji ba. Amma ban ɓoye muku ba, bayan haushin wani tunani ya biyo. Ba sai na yi ƙarya ba ma. In sunkuyar da kai kawai in ce Allah ya sa mu dace, dattijo zai ɗauka kunya ce, a tashi lafiya, gobe giya ta gyaru.

Dattijon bai gama ba. "Abokanshi ba zan tambaye su ba, nashi ne. Kai kau kuna shiga mota guda, kuma na san gidan da ka fito. Ɗiyar nan tawa uwarta ta rasu, ni kaɗai gare ta. Abin da ka ce mani, da shi zan yi aiki. Mi ka sani game da shi?"

Na ɗaga kai, ga motar can tana ƙyalli a rana, mutane sun kewaye ta suna leƙe. Na san sarai abin da amsata za ta jawo mata. Amma mutumin nan 'yarsa zai ɗauka ya bayar a kan maganata, ba akuya ba.

"Baba, motar tawa ce. Ban sayar ba, ban kuma zama direban kowa ba. Haya ya ɗauka, yau ne ma na fara shiga mota da shi." Sai na ga bai kamata in tsaya nan ba, don yaron ma yana da haƙƙi. "Shagon waya kam yana da shi, nashi ne, yana kuma ciniki. Ban taɓa jin an ce ya cuci wani ba. Iyakar abin da na sani ke nan."

Ya ja carbinsa. Can ya nisa. "Da shagon kawai ya zo mani da shi, da ya ishe shi." Ya juyo ya dube ni. "Kai kuma mi wannan magana za ta jawo maka?"

"Ba komai, Baba," na ce. Ban ga dalilin ɗora masa nauyin giyata ba.

Irin dattakun mutanen da, bai nuna wa yaron komai ba. Aka kawo masa fura da abinci, aka yi masa addu'a, aka ce ya je zai ji daga gare su. Ya fito fuska wasai, ya miƙo mini makullin a gaban jama'a kamar mai ba yaronsa aiki. Na karɓa na tayar da mota.

Ba mu yi nisa da garin ba wayarsa ta yi ƙara. Yarinyar ce, ashe mahaifinta ya gaya mata komai, ina jiyo kukanta daga inda nake. Ya saurara, fuskarsa ta sauya, ya kashe wayar ya juyo kaina.

"Alhaji, mi na yi maka? Shiru kawai za ka yi! Shiru!"

"Mota ka ce in ba ka haya, na ba ka. Ba ka ce mani har da ni za ka haɗa ba."

"Wallahi ko sisi ba zan ba ka ba. Tsaya in sauka."

Na ƙi tsayawa. Yamma ta yi, kuma yadda hanyoyinmu suka zama ba a sauke ɗan mutane a daji. Na ce da ni ya fito, ni zan mayar da shi. Haka muka taho, giya na ta ƙugi, har na ajiye shi a ƙofar shagonsa. Ya buga mini ƙofar motar da ƙarfin da har yau idan na tuna sai na ji a ƙirjina.

Da na ba maiɗakina labari, na zaci za ta tsokane ni. Ba ta yi ba. Sai kawai ta ce, "To yanzu fa, Alhaji?" Na ce yanzu sai alkawari.

Ba a daɗe ba giyar ta tsaya cak. Kuɗin da ke gidan a lokacin na makarantar yara ne, ban ko kalle su ba. Na kira wani dillalin motoci a Kano, ya zo da babbar motar da ake ɗora ƙanana a kai. Ni da kaina na wanke ta wankin ƙarshe. Da suka ɗaure ta suka sha kwana, na shiga ɗaki na rufe ƙofa na yi kuka, kukan gaske, ba na jin kunyar faɗa. Ina son motar nan, kuma har gobe idan na ga irinta sai na juya. Da kuɗinta na kama fili a bakin madatsar ruwa ta Zobe, na sayi injin ban ruwa na shiga noman rani, na kuma sayi babur. Saurayin nan ya daina gaishe ni, ban riƙe shi a rai ba, na ma ji daɗi da na ji ya yi aure a wani wurin.

Shekara ta zagayo sai dattijon ya aiko mini da goron ɗaurin auren 'yarsa da wani malamin makaranta. Na hau babur na tafi, rigata duk ta yi ƙura, na raɓe a bayan sahu. Sai ya hango ni ya sa aka buɗa mini hanya har gaban liman. Ga 'yan uwansa, ga manyan gari, amma da aka tambayi wanda zai ba da auren, sai ya dafa kafaɗata.

"Ga wakilina nan. Shi zai bayar."

Haka na ba da auren yarinyar da ko fuskarta ban taɓa gani ba. Duk shekarun da na yi ina shiga Kurfi da jar mota, ba a taɓa zaunar da ni a wuri irin wannan ba.

Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, idan wahala ta zo, mutum ya yi duk dabarar da zai iya don riƙe abin da yake so, babu kunya a ciki, ni ma na yi kuma ban yi nadama ba. Amma ya san tun da wuri abin da ba zai haɗa a cikin cinikin ba. Ni na gano nawa a inuwar masallacin Kurfi, lokacin da wani uba ya tambaye ni gaskiya a kan 'yarsa. Da za a mayar da ni kan tabarmar nan yau, ina kallon motar, amsar da na ba shi ita zan sake ba shi.