Talabijin Ɗin Da Ake Gani Daga Tabarma

Fita daga Birnin Gwari

Ana idar da sallar asuba na baro gidanmu da ke Magajin Gari, da wani ɗan filas na ajiye bidiyo a aljihun gaba. Abin da ke cikinsa shi ya tayar da tafiyar. Tun da 'yan bindiga suka taso mu daga Gwaska, mahaifiyata Inna Delu ba ta sake ganin gidanta ba. Yanzu ciwon baya ya kwantar da ita, ido kuma ya yi rauni. Wani ɗan'uwanmu ya yi ta-maza ya leƙa ƙauyen, ya ɗauko mata bidiyon gidan. A allon waya ta ce ƙyalli kawai take gani. Muka aro talabijin ɗin maƙwabci. Mu da ke tsaye muna gani tar, ita da ke kwance a tabarma sai duhu. Muka sauke shi ƙasa, muka karkata shi, duk a banza: da ta motsa kai hoton ya dushe. Ta juya fuska bango ta ce, "Ku bari, ba rabona ba ne." Wallahi maganar nan ta ƙona mini rai.

A tasha muka jira sojojin rakiya, don ba a shiga dajin nan ɗai-ɗai. Sai da hantsi ya ɗaga muka tashi. Daga Kuriga zuwa Udawa motar tsit, kowa da carbinsa. Muna isa Buruku bakuna suka buɗe. Direbanmu Ɗanlami ya ce, "To jama'a, wanda ya haɗiye harshensa ya fito da shi, ga mai ƙosai can."

Kaduna

Da azahar na shiga shagon wani Alhaji. Talabijin falle-falle jere a bango, kowanne na nuna tsuntsaye da furanni. Ni dai ba a ruɗa ni da kwalliya. Na tambayi wanda batirin sola zai ɗauka, tunda wutarmu sai ta ga dama. Na sa aka ƙara murya, na ji wanda ke hargowa da wanda magana ke fita sarai. Na duba ramin filas. Sannan na cire hula, na shimfiɗa rawanina, na miƙe a ƙasa.

"Subhanallahi! Malam, lafiya?" in ji Alhaji.

"Lafiya lau, Alhaji. Mai kallon a kwance take. Ku masu shago a tsaye kuke sayarwa, mu kuwa a tabarma muke kallo."

Na ba shi labarin Inna. Bai ƙara dariya ba. Ya tattare babbar rigarsa ya kishingiɗa kusa da ni, muka yi ta bin su ɗaya bayan ɗaya. Babban da yake ta yabo, daga ƙasa fuskokin mutane suka koma baƙi kamar hoton ƙashi na asibiti. Ya ce, "Kai! Shekara da shekaru ina sayar da shi, ban taɓa kallonsa ta nan ba." Wani matsakaici a lungu, wanda ba shi da wani kwarjini, shi ne bai sauya ba ko daga gefe ko daga ƙasa. Muka yi ciniki, ya ce in gaida Inna.

Na kwana gidan ƙanwata a Rigasa. Ta yi mini tuwon masara da miyar kuka, ta kuma ba ni tsohon bargo na naɗe kwalin.

Komawa

Da safe Ɗanlami ya so ya kwantar da talabijin ɗin a but ɗin mota, ƙarƙashin buhun albasa. Na ce a kul. Irin wannan a tsaye ake ɗaukarsa, balle a ramukan hanyarmu. Na biya masa kujera guda.

"Fasinjan nan bai iya gaisuwa ba," in ji Ɗanlami.

A shingen Udawa soja ya leƙa kwalin, ya ce mu wuce. Kowane rami motar ta faɗa, sai in ji shi a ƙirjina.

Da la'asar muka iso gida lafiya. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, Allah ya saka wa Alhaji da ƙanwata da alheri.

Ban ko sha ruwa ba na jona batir, na sa filas. Inna ta juyo a hankali. A allon ga zauren gidanta, ga rumbu ya rushe rabi, ciyawa ta cinye tsakar gida. Na tsorata kada ganin ya karya mata zuciya. Ta daɗe tana bin allon da ido. Can ta ɗaga yatsa.

"Wa ya bar ƙofar ɗakina a buɗe? Ku aika a ja ta, damina na tafe."

Na ce, "To, Inna."