Burodin Ƙafa

Tun yana ƙarami ake ce masa Rediyo, har sunansa na gaskiya ya ɓace a bakin mutane. Mahaifinsa mai aski ne, mutum shiru-shiru, wanda zai gama kan mutum bai ce masa komai ba sai "juya". Ɗan kuwa tun kafin tsawonsa ya kai madubin shago bakinsa ba ya rufuwa. Yana kwaikwayon tarin direban bas, da tafiyar mai gidan haya, da yadda malamin lissafi ke lumshe ido idan zai zane yaro. Uwarsu takan ce, "Kai dai ba a haife ka da maɓallin kashewa ba." Ta rasu bai gama firamare ba, yayarsa mace ce ta ƙarasa rainonsa.

Da uban ya bi bayan uwar, Rediyo ya gaji shagon: kujera ɗaya mai juyawa wadda fatarta ta tsage aka liƙe da salatif, benci, injin aski ɗaya, da fanka mai kukan tsohuwar akuya. Askinsa ba wani abin a zo a gani ba ne. Hira ce ke kawo mutane. Wanda bai da gashin da za a aske ma yakan zo ya zauna a benci. Rediyo ba mugu ba ne, kowa ya shaida. Amma idan magana ta zo masa kan harshe kuma ya ga za ta ba da dariya, to ko ta kan wa za ta bi sai ta fita.

Yayar tasa tana auren Mai Burodi, wanda gidan burodinsa ke ƙarshen layin, da allo a sama mai zanen kurciyoyi biyu. Ƙaton mutum ne mai tabon ƙuna a hannuwa, kuma yana da in'ina mai tsanani. Idan kalma ta maƙale masa sai ya rufe ido, jijiyar wuyansa ta miƙe, har ta fito. Yawancin mutane ba sa jira, sukan ƙarasa masa maganar ko su juya ga wani. Saboda haka ya zama ba ya magana sai dole. A shagon aski ne kawai ake jin muryarsa. Rediyo yakan tsayar da inji ya jira shi ya kai ƙarshen zance, kuma idan wani a benci ya yi yunƙurin katse shi sai ya ce, "Bari Yaya ya sauke kayansa." Mai Burodi ne ya saya wa Rediyo injin aski na biyu, kuma duk safiya akwai burodi mai zafi da ake aika masa.

Wata rana wani matashi mai shirya fim ya zo aski, ya yi ta dariya har inji ya ɗan yanke shi a bayan kunne. Kafin ya tashi ya ce yana da labari, kuma ya ga wanda zai hau kansa. Labarin wani mutum ne mai sakin baki da ya zagi wata tsohuwa a tashar mota, ashe aljana ce. Ta yi masa baki cewa daga ranar duk abin da ya furta sai ya tabbata. Ya ce wa matarsa bakinta kamar famfo, ruwa ya yi ta zuba har ya cika ɗaki. Ya kira mai gidan hayarsa jaki, aka wayi gari jaki na yawo da rasit a baki. A ƙarshe sai mutumin ya koyi auna magana, aljana ta sake shi.

"Ba sai ka haddace komai ba," in ji daraktan. "Zan faɗa maka abin da ke faruwa, kai kuma ka buɗe famfon."

Fim ne na masu ƙaramin ƙarfi, kyamara ɗaya da fitila biyu, duk a cikin unguwa aka ɗauka. Da aka zo wurin da jarumin zai sayi burodi, Rediyo da kansa ya je ya roƙi mijin yayarsa. Mai Burodi ya ji daɗi ƙwarai. Ya sa aka wanke allon kurciyoyin, ya yi wa gaban shagon sabon fenti, ya raba wa 'yan fim burodi da shayi, sannan ya koma ciki wajen tanda don kada ya tsare musu hanya.

Abin da aka tsara shi ne jarumin ya ce burodin ya yi tauri kamar dutse, sai ya zama dutse. Rediyo ya faɗa, ba wanda ya yi dariya. Aka sake, haka. A karo na uku ya ɗaga burodin, ya shinshina, ya rufe ido, ya miƙar da jijiyar wuyansa, ya ce, "Wa-wa-wannan ai bu-bu-burodin da ake kwaɓawa da ƙa-ƙa-ƙafa ne."

Mai kyamara ya durƙusa don dariya. Daraktan ya ce wannan za a bari. Daga baya, a wani wuri daban, ya ɗauki hoton wasu ƙafafu masu kaushi suna tattaka kwaɓin fulawa a cikin baho, ya haɗa. Rediyo bai ga wannan ba sai da fim ya fito. Amma maganar tasa ce, kuma muryar ya san ta wane ne tun lokacin da yake yin ta.

Fim ɗin ya karɓu fiye da yadda kowa ya zata. Jakin da famfon sun ba da dariya, amma guntun burodin ne aka yanko yake yawo a wayoyi, da kurciyoyin nan biyu fes a saman kan Rediyo. Da farko wasa ne. Masu shayi suna tsokanar mai kawo musu burodi, "Yau na ƙafar dama ne ko na hagu?" Sai wata mata ta ce ita dai ta taɓa tsintar farce a ciki. Wani ya rantse ƙaninsa ya yi aiki a wurin, ya gani da idonsa. Ba a daɗe ba ma'aikatan duba tsafta suka zo. Sun tarar da injin kwaɓi, da tebur a goge, da ma'aikata sanye da safar hannu, suka tafi ba su rubuta komai ba. Amma unguwa ta ga motarsu a ƙofa, abin da aka riƙe ke nan. Kantuna suka fara dawo da tire cike. 'Yar Mai Burodi ta dawo daga makaranta ta ce ba za ta koma ba, domin duk inda ta bi sai yara su cire takalmi su ɗaga mata ƙafa.

Yayar ta zo shagon da rana tsaka, benci cike da mutane. Ba ta shiga ba, daga bakin ƙofa ta tsaya.

"Auta, fito."

Ya fito da almakashi a hannu yana murmushi. "Yaya, wallahi wasa ne. Kowa ya san fim ne."

"Kowa ya sani, shi ya sa muke zubar wa awakin maƙwabta burodi." Ta dube shi daga sama har ƙasa. "Na goya ka a bayan nan. Da na san abin da nake goyo ke nan da na sassauta zanen."

Ya yi ƙoƙarin gyarawa. Ya je wajen daraktan ya ce a cire wurin, daraktan ya ce ko ya cire daga nasa, wa zai bi wayoyin duniya ya goge? Sai Rediyo ya sa aka ɗauke shi a waya, ya tsaya a gaban injin kwaɓin, ya ce ƙarya ya yi, burodin nan tsaf yake, shi ma shi yake ci. Matsalar ita ce fuskarsa. Mutane sun saba da zarar ya buɗe baki a yi dariya, sai suka ɗauka tallan kashi na biyu ne. Wannan ma ya yi yawo, aka yi ta yaba masa yadda ya iya marairaicewa.

Mai Burodi bai ce masa uffan ba duk tsawon wannan lokaci. Ya sallami ma'aikata ɗaya bayan ɗaya, ya canza leda, ya sauke allon kurciyoyin. Ba abin da ya canza. Ranar da ya kashe tanda ta ƙarshe ya wanke hannu ya zo aski, kamar yadda ya saba. Mutanen benci suka zame ɗaya-ɗaya. Rediyo ya ɗaura masa tawul, ya shafa kumfa.

"Yaya, ka zage ni mana. Ko ka mare ni."

Mai Burodi ya dube shi ta madubi. Maganar ta ɗauki lokaci kafin ta fito, Rediyo ya tsaya da reza a sama yana jira.

"Ƙa-ƙafar ba ta dame ni ba. Kasuwa ce, ta-tana zuwa tana tafiya." Ya rufe ido. "Duk shekarun nan da kake tsayawa in gama magana, na ɗauka sau-saurarona kake yi. Ashe ko-koyo kake."

Rediyo ya mayar da rezar kan kumfar.  Ya gama askin, Mai Burodi ya ajiye kuɗi a kan tebur, abin da ba a taɓa bari ya yi ba, ya fita.

Ya sami aiki a gidan burodin wani a can wani gari, a matsayin mai tsaron tanda, ƙarƙashin yaran da ya isa ya haife su. Yakan dawo gida ƙarshen wata. A shekara ta biyu hawan jini ya kayar da shi a bakin tandar, aka kawo shi kwance a bayan mota, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Likita ya ce ciwon ya daɗe a jikinsa, ba lallai ne wani abu ya jawo shi ba. Rediyo ya maimaita wa kansa wannan magana sau da yawa, ba ta taɓa zama masa ba.

Duk mako yakan ɗauki jakar kayan aski ya je gidan. Yayar takan buɗe masa ƙofa ta koma kicin. Ɗakin na warin man zafi da fitsari, ga tiren gasa burodi jere a ƙarƙashin gado sun fara tsatsa. Yakan tallafo kan mutumin ya aske shi, ya yanke masa farce, ya goge masa yawun da ke zuba ta gefen baki. Mai Burodi yana kallon silin. Ko ya yafe ko bai yafe ba, ba wanda zai iya cewa, domin maganar gaba ɗaya ta tafi. Sau ɗaya dai ya riƙe wuyan hannun Rediyo da hannunsa mai lafiya, ya matse da ƙarfi, ya daɗe bai saki ba. Rediyo bai san ko godiya ce ko wani abu ba ne.

A waje kuwa fim ɗin bai mutu ba. Aka zo masa da tayin wasu finafinan, ya yi guda biyu, ba su yi armashi ba, domin ya koma tauna kowace kalma kafin ya furta, darakta ya ce kamar an canza shi. Shago ma ya rage cika. Amma duk inda ya shiga sai an sami mai cewa, "Rediyo, ɗan yi mana ta burodin nan." Ranar da aka binne Mai Burodi, ana dawowa daga maƙabarta, wani baƙo da ya zo daga garin da marigayin ya yi aiki ya gane shi. Ya matso da fara'a, ya rage murya saboda girmama wurin, ya ce, "Ba kai ne na bu-bu-burodi ba?" 'Yar marigayin tana tsaye a bakin ƙofa, ta ji. Ta dubi kawun nata, ta shige ciki.

Bayan wasu watanni yayar ta aika a kira shi. Ya tarar ta kankare tirarrukan nan da yashi, ta sayi ƙaramar tanda ta hannu ta kafa a bayan kicin. Ta koyi aikin a wajen mijinta, kuma ga yarinya ta koma makaranta a wata unguwa, dole a ci abinci.

"Akwai masu kanti a hayin gada da suka yarda su karɓa," ta ce, tana ɗaure leda ba ta dube shi ba. "Ba suna a jiki, ba su san ko matar wa ce ni ba. Ba ni da mai kaiwa. Kana da babur."

"Zan kai, Yaya."

"Ka sa hular kwano, kada ka cire. Ka ajiye, ka karɓi tiren jiya, ka juyo. Ko gaishe ka aka yi, ka ɗaga hannu kawai. Muryarka suka fi sani."

Haka yake yi har yanzu, kafin ya buɗe shago. Ya fara furfura, idonsa ya rage gani, yana neman tabarau kafin ya gyara wa mutum gefen kunne. Masu kantin hayin gada sun ɗauka kurma ne, suna yi masa magana da hannu, wata tsohuwa a cikinsu ma takan ba shi ruwan sanyi don tausayi. Idan ya dawo da tiren, yayar takan ƙirga su ta ce, "To." Wani lokacin ta ƙara da, "Ka ci abinci?" Yarinyar ta kusa gama karatun jinya. Tana gaishe shi idan sun haɗu, ta kira shi Kawu, amma ba ta zama a ɗakin da yake.