Layi Huɗu da Irin Hatsin Baba

Shekarar da fari ya cinye mana rabin gona, irin hatsin da ya rage a rumbun Baba bai wuce na shuka ɗaya ba. In ya tafi, ya tafi ke nan.

Ni mushe ne, wato malami, a wata lakkol, makarantar boko, a Filinge, don haka duk abin da aka rubuta da Faransanci a kaina yake faɗowa. Da bazara ta yi nisa na je ƙauye, Baba ya ce in duba masa abin da masana yanayi suka ce game da damina. Shafin da na samu a intanet dogo ne kamar hanyar Abala, ni kuwa Allah ya zuba mini ƙyuya. A wayata akwai wata manhaja mai karance shafi ta taƙaita shi. Na danna, ta ba ni layi huɗu: damina za ta sauka da wuri, ruwa zai wadata.

Na ce, "Baba, gobe mu yi bizne." Wato mu binne iri a busasshiyar ƙasa ya jira ruwa.

Ya dube ni. "Shi ke nan abin da sunka ce? Mutane su rubuta wanga abu duka, kai ka kawo min loma guda? Ko ɗan aike ba a sallamatai sai ya kai ƙarshen saƙo. Karanta min duka."

Raina ya ɓaci, amma wa zai ja da Baba? Na zauna gindin gawo ina karantawa ina fassarawa, gumi na zuba. Can kusa da ƙarshe na tarar da shi: a arewa, wajenmu, bayan ruwan farko sama za ta daɗe a rufe. Manhajar ba ta yi ƙarya ba. Ta ɗauki abin da ya shafi mafi yawan ƙasa, ta yar da mu Kurfayawa na arewa.

Ruwan farko ya zo, maƙwabta suka shuka, Baba ya ƙi taɓa rumbu. Sai rana ta buɗe, tsiron mutane ya ƙone a rami.

Bayan na koma Filinge, ina cikin aji ƙanena ya kira ni. "Yaya, an yi ruwa na gaske, Baba ya shuka, hatsi ya hito!"

Na fita na zauna a dakalin lakkol ina hamdala. Da Baba ya ji maganata, da hannuna na binne abincin gidanmu na shekara.